Na gama jami'a, yanzu wa zai riƙa gyara mini rubutu?

Ɗan Adar (Tawa):

Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena, shawara nake nema. Na gama lisansi a jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, yanzu ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta. Rabin aikin rubutu ne: rahoton fita ƙauye, rahoton taro, wasiƙa zuwa ga hukuma, duk da Faransanci, sai kuma saƙonnin faɗakarwa da Hausa waɗanda ake karantawa a rediyon gari. Tun daga lakwal har zuwa memuwar, wato kundin binciken kammala jami'a, akwai mai maido maka da takardarka da jan bik. Yanzu babu. Shugabana ko ya sa hannu bai ce uffan ba, ko ya sake rubutawa da kansa. Abokan da munka yi karatu tare kuwa, in na tura musu sai su ce "ya yi kyau". Wa ya kamata in ba rubutuna, kuma yaya zan roƙa har a gaya mini gaskiya?

Tsohon Edita (Yamai):

Wa alaikumus salam, ƙanena. "Ya yi kyau" ɗin nan amsar irin roƙon da ka yi ce. Wanda ka tura wa shafi goma sha biyu ka ce "duba mini" bai san me zai duba ba, kuma ba zai ɓata zumunci a kan rahoton da ba nasa ba. Roƙon za ka fara gyarawa.

Ka rage abin da kake bayarwa. Ƴan jarida na auna shafi da harafi 1,500 har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Kada ka ba mutum fiye da irin wannan shafi uku, wato kusan kalma 750, abin da zai karanta a natse cikin kwata ɗin awa. Ka sa girman harafi 12, tazara biyu tsakanin layuka, ka bar santimita 4 a gefen dama don bik ɗinsa ya sami wuri. Ka kunna lambar layi, tana cikin Word a ƙarƙashin Mise en page. Amfaninta babba ne: wanda ba shi da lokacin rubutu zai iya aiko maka da saƙon murya ta WhatsApp ya ce "layi na 23 ban gane ba, layi na 40 ka maimaita na 12", magana ta ƙare.

A saman takardar ka rubuta layi uku: wa zai karanta wannan rubutu, me kake so ya yi bayan ya karanta, sai ranar da kake son amsa. Mako ɗaya ya isa. Abin da ba a yanka wa rana ba, ba ya dawowa.

Sannan ka yi tambayar da ba a amsa ta da yabo. Ga uku da ke aiki. Ta farko: rufe takardar ka faɗa mini cikin jimla biyu me na ce. In abin da ya faɗa ya saɓa da abin da kake nufi, to laifin na takardar ne, kada ka tsaya yi masa bayani, don ranar da rahoton zai isa teburin darakta ba ka nan. Ta biyu: a wane layi ka tsaya ka koma baya? Ta uku: in dole ne a cire sakin layi ɗaya, wanne za ka cire? Wannan ta ukun tana ba mai kunya damar ya soki rubutun ba tare da ya ji ya soke ka ba.

Gyara kuma hawa-hawa ne, kuma jerin yana da muhimmanci. Tsari tukuna, sai jimla, sai harafi. In ka nemi duka a lokaci guda, mai duba zai kama abin da ya fi sauƙi, ya cika takardar da gyaran aksan da waƙafi, kai kuma ka kwana kana goge sakin layin da ya kamata a jefar gaba ɗaya. Saboda haka a zagayen farko ka ce masa a fili: kada ka taɓa kuskuren harafi, tsari nake so ka duba.

Kafin ma ka ba kowa, ka ajiye rubutun kwana biyu, sannan ka rubuta a gefen kowane sakin layi, cikin kalma biyar ko shida, abin da yake faɗa. Wanda ka kasa taƙaitawa magana biyu ce a cikinsa, raba shi. Biyu da suka ba ka taƙaitawa iri ɗaya, ɗaya ya tafi. Ka karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, za ka ga ciwon da ya fi kama waɗanda suka fito daga jami'a: suna rubuta rahoton biro da ƙirar memuwar. Gabatarwa mai tsawo, tarihin jihar, yawan jama'a, hanyar bincike, sai a shafin ƙarshe a ce famfon ƙauyen ya lalace. Malamin da ke zaune a sutenansi, wato zaman kare memuwar, yana son ganin hanyar da ka bi. Darakta yana son sanin me ya faru, me ake so ya yanke, nawa zai ci, kuma yana son su a layi biyar na farko.

Game da shugabanka, wannan sake rubutawar da yake yi ita ce gyaran da ya fi kowanne daraja a hannunka, ba ka dai karɓa ba ne. Ajiye kwafinka, ka nemi nasa, ka buɗe Révision a Word ka danna Comparer. Zai nuna maka duk abin da ya cire da abin da ya ƙara. Ka raba su gida uku: kuskure na gaske, salon gidan da kowa ke bi, da son ransa kawai. Na farko da na biyu ka koya. In za ka tambaye shi, abu ɗaya tak, a lokacin da ba ya cikin sauri: "Ranka ya daɗe, na ga ka maido teburin kuɗi gaba, haka ake so kullum?" Irin wannan ana amsa ta. "Me ya sa ka canza mini rubutu" kuwa ba a amsa ta.

Wa za ka ba? Mutum uku daban, don ba mai iya yin aikin ukun. Wanda ya san fannin zai kama lissafin da bai hau ba. Wanda ya san harshe zai kama jimla. Wanda bai san komai a kan aikinku ba shi zai nuna maka inda ka tsallake mataki don kai ka riga ka san shi.

Mushe Mai Ritaya (Tawa):

Ɗana, abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ya bar wani abu. Gyaran da ba a rubuta shi a wani wuri ba, gobe za a sake yin kuskuren. Sayi kaye mai shafi 100, ka ja layi ka raba kowane shafi gida uku: abin da ka rubuta, abin da ya kamata, da dalili cikin kalmominka. Gidan dalilin shi ne aikin. Wanda ya kwafi gyara bai rubuta dalili ba, ya gyara jimla ɗaya ce kurum.

Bayan rubutu goma ka ƙirga. Za ka tarar kurakuran ba su da yawan iri, su ne dai ke dawowa. A Faransancin rahoto, waɗanda suka fi fitowa ga ɗan Hausa sanannu ne. Akwai cakuɗa lokuta: a fara da passé composé, a zame zuwa présent, a dawo imparfait cikin sakin layi guda. Dalili shi ne Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana gudana, lokacin kuwa sau da yawa "jiya" ko "bara" ke ɗauke da shi, don haka kunnenka ba ya jin zamewar. Maganinsa ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau a shafi ɗaya ka duba su su kaɗai. Akwai daidaita participe passé, musamman in abin da aka yi wa aikin ya riga avoir zuwa: "les semences que nous avons distribuées". Akwai é da er a ƙarshen kalma, wanda ake gwadawa ta sa vendre a wurin: in vendu ya zauna é ne, in vendre ya zauna er ne. Sai doguwar jimla da aka ɗaure da qui, dont, lequel har mai yin aikin ya ɓace. Duk jimlar da ta haura kalma 30 ka tuhume ta. Ba dole ta zama mai laifi ba, amma ka tuhume ta.

Ka ɗauki iri biyu kawai a wata. Kafin ka miƙa kowace takarda, ka karanta ta sau ɗaya don na farko, sau ɗaya don na biyu, daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, don kada ma'ana ta ja idonka ya wuce.

Ga kuma aikin da ba ya bukatar kowa: ɗauki labari mai kalma 400 daga jaridar Le Sahel ko Sahel Dimanche, ka mayar da shi 100 ba tare da ka kwafi jimla ba. Sau biyu a mako. Shi ne taƙaita rubutun da ake yi a lise, wanda yara ke ƙi, alhali shi ya fi kama da aikin biro.

Masu duba harshe kuwa, ka nemi malaman Faransanci da sufetocin lakwal da suka yi ritaya, akwai su a kowace unguwa. Ka je da kanka, ka gaisa, ka kai takarda a buge ba a waya ba. In za ka riƙa kai wa a kai a kai, ku yi magana kan kuɗin shafi tun farko, kada ka bar shi a "Allah ya saka". Malamin da ya bi maka memuwar ma kana iya komawa gare shi, amma da shafi ɗaya, kuma ba a lokacin sutenansi ba.

Hajiya Mai Fassara (Yamai):

Ƙanena, duk sun tafi kan Faransanci, bari in taɓa ɓangaren Hausa, don nan ne mutane ke ɗauka ba sa bukatar gyara tunda da ita aka haife su. Iya magana daban, iya rubutu daban. Ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar an tsaida ta da dokar ma'aikatar ilimi tun 1999, kuma tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, rubutun Hausa a biro ba ƙaramin abu ba ne kuma.

Mai duba maka Hausa ka ba shi abu uku. Na farko haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. In ka bar su, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, mai karantawa a rediyo ya yi tuntuɓe a tsakiyar jimla. Gboard, allon rubutu na waya, na da Hausa, ka sa ta a wayarka. Mu nan ƴ muke rubutawa inda Najeriya ke sa 'y, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Na biyu raba kalma da haɗa ta, wanda shi ya fi yawa: yana, suna, yake, suke a haɗe, za ta, za su, ba ya, ba ta a rabe, gidansa da motarta a haɗe, ya ba ni, na gan shi a rabe, ne da ce kullum su kaɗai. Na uku karin harshe. Na ga ka rubuta "munka", ba kuskure ba ne, Hausar Adar ce. In saƙon na rediyon Tawa ko Keita ko Illela ne, munka da sunka da shina su ne za su shiga kunnen mutane. In takarda ce da za ta je Damagaram da Maraɗi da Yamai, muka da suka da yana sun fi. Abin da mai duba zai hana ka shi ne haɗa su a rubutu guda.

Amma babban ciwon shi ne saƙon da aka yi tunaninsa da Faransanci. "Dans le cadre de la mise en œuvre" ya koma "a cikin tsarin aiwatar da", layi uku sun wuce ba a ce wa kowa ya yi komai ba. Wanda ya yi lakwal ba zai kama maka wannan ba, don yana jin Faransancin da ke ƙarƙashi, sai ya gane. Ka karanta wa wadda ba ta yi lakwal ba, sau ɗaya, da saurin rediyo, sannan ka tambaye ta: me aka ce a yi, wa zai yi, yaushe, a ina? Duk tambayar da ta kasa amsawa, can ne gyaran yake. Kada ka tambaye ta ko ta gane, za ta ce ta gane don kara.

Ka kula da kuɗi ƙwarai. In ka rubuta 500 F da lamba, mai karantawa na iya cewa "ɗari biyar", mai sauraro kuma ya ji dala ɗari biyar, wato 2,500. Rubuta "dala ɗari" da haruffa, 1,000 kuma "jika ɗaya". Ka riƙe agogo ka karanta da ƙarfi kafin ka miƙa, inda numfashinka ya yanke nan aya take.

Don kunne, saurari labaran Hausa na Studio Kalangou da niyyar koyo, ka lura da inda suke yanke jimla. Don gyara kyauta, rubuta gajeren maƙala a Wikipedia ta Hausa kan abin da ka sani, ka koma bayan mako biyu ka buɗe tarihin shafin. Ba kullum ake taɓa shi ba, kuma ba duk mai gyara ne ya fi ka sani ba, amma in an taɓa za ka ga kowane canji.

Ɗan Adar (Tawa):

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Saura biyu. In mutum biyu sun ba ni gyara mai karo da juna, wa zan bi? Kuma ChatGPT da irinsa fa, ba za su ɗauke mini wannan wahala ba?

Ɗan Kwamfuta (Yamai):

Aboki, za su ɗauke wani sashe. Manhajojin LanguageTool da Antidote na kama daidaita kalmomi da kuskuren harafi a Faransanci, na farkon yana da sigar kyauta, na biyun saye ake yi. Ka fara wucewa ta nan kafin ka kai wa mutum, kada ka ɓata lokacin Mushe a kan abin da na'ura ke gani. Ka tabbata ka sa harshen takardar a Faransanci cikin Word, in ba haka ba jan layin da yake yi ba shi da ma'ana.

ChatGPT kuwa ya danganta da abin da ka ce masa. In ka ce "gyara mini", zai ba ka sabon rubutu mai santsi wanda ba naka ba, ba ka koyi komai ba, wani lokaci ma ya canza maka lamba ko ya ƙara abin da ba ka faɗa ba. Ka ce masa: kada ka sake rubutawa, jero mini kurakurai da lambar layi da ƙa'idar kowanne. Kai za ka gyara da hannunka, ka zuba a kayen da Mushe ya ce. Shi ma yana da halin abokanka na yabo, sai ka hana shi a fili. A Hausa kada ka dogara da shi, ya fi karkata ga Hausar Najeriya, kuma bai san lissafin dala ba sai ka gaya masa. Abu mafi muhimmanci: rahoton aiki mai sunayen mutane, ƙauyuka da kuɗi ba a zuba shi a intanet. Cire su tukuna, ko ka gwada da rubutun da ba na biro ba.

Tsohon Edita (Yamai):

Na yarda da ɗan'uwa kan harafi, ban yarda na'ura ta duba tsari ba. Ba ta san daraktanka ba, ba ta san abin da aka faɗa a taron da ya wuce ba, don haka ba ta san abin da ya kamata ya zo farko ba.

Kan gyara mai karo da juna: ka raba wurin da suka nuna da maganin da suka bayar. In ɗaya ya ce ƙara bayani a layi na 30, ɗaya ya ce cire shi, to sun haɗu a kan cewa layi na 30 na da matsala, kuma a nan kusan kullum suna da gaskiya. Maganin kuwa naka ne, sai ka koma ga layi ukun da ka rubuta a sama: wa zai karanta, me kake so ya yi. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya nuna, in ba kuskuren ƙa'ida ko na lissafi ba ne, kana iya bari. Kada ka amsa gyara a ranar da ka karɓe shi, ka ce na gode, ka kwana. Wanda ka yi wa gardama sau ɗaya, gaba "ya yi kyau" zai ce maka.

In kana son abin ya ɗore, ka haɗa ƙungiya. Mutum huɗu ko biyar, kada su wuce haka, don a shida wani zai riƙa zuwa bai karanta ba. Sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya da rabi, rubutu uku a kowane zama, minti 25 kowanne. A tura rubutun kwana uku kafin zaman. Mai rubutun ba ya magana sai kowa ya gama, bik kawai yake riƙewa, a ƙarshe a ba shi minti biyar na tambaya, ba na kare kai ba. Wanda bai kawo nasa ba zama biyu a jere ba ya sukar na wani. Kada ku yi shi a fadar da kuka saba shan shayi, hira za ta cinye shi, ku nemi aji bayan an tashi ko wani ɗakin karatu. Kuma kada duk ku zama ƴan fanni ɗaya: a sa malamin lakwal, a sa ma'aikacin asibiti ko ɗan jarida. Za ka ga duba na wasu yana koya maka da sauri fiye da a duba naka, don kuskuren da ba ka gani a takardarka a ta wani tsalle yake yi ya fito.

Sai ka riƙa komawa ga wanda ya duba maka da sabon kwafin, ka nuna masa wurare biyu ko uku da ka canza saboda maganarsa. Mafi yawan masu neman gyara ba sa yin wannan, shi ya sa ba a duba musu karo na biyu.

Hajiya Mai Fassara (Yamai):

Ƙarin abu ɗaya kan ƙungiyar: ku ware zama ɗaya cikin uku don Hausa zalla, kuma a wannan zaman ba mai rubutun ne zai karanta da ƙarfi ba, wani ne. Mai rubutu yana cike giɓin da muryarsa ba tare da ya sani ba. Kai ka riƙe naka kwafin, duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe ka sa alama.